Dalilin Sauka a Gada

Shekara ashirin da bakwai Verna Hruska ta yi tana tuƙa doguwar motar makarantar sakandaren Dunmire. Da safe ta kwaso yaran gonaki, da yamma ta mayar da su. Idan kuma kaka ta kama, duk Juma'ar da 'yan ƙwallon Amurka na makarantar ke da wasa a wani gari, ita ke kai su. Hanyoyin yankin nan ta san su kamar yunwar cikinta.

A Juma'ar farko ta watan Satumba, ƙarfe uku da rabi, ta tashi daga bakin makaranta da samari ashirin da shida. Kayan wasa na jibge a kujerun baya, warin man zafi ya cika motar. A kujerar da ke bayanta, inda Koci Stuhr ya shekara talatin da takwas yana zama, sabon koci ne, Andre Tillery, ɗan shekara talatin da ɗaya da aka ɗauko daga birni bayan tsohon ya ajiye aiki. Tun da suka tashi kansa na kan takardunsa.

Mil biyu daga gari akwai gadar rafi, kuma duk inda za ka daga Dunmire sai ka bi ta kanta. Suna isowa Verna ta taka birki, ta kunna fitilun tsayawa, ta buɗe ƙofa. Samarin suka miƙe ba tare da wani ya ce musu uffan ba. Kowa ya ɗauki hular kwanonsa a hannu, suka sauka ɗaya bayan ɗaya, suka kama gefen gadar a layi.

Tillery ya ɗago kai. "Lafiya? Motar ce ta lalace?"

"Ƙalau take."

"To ina za su?"

"Tsallake gada."

"Na ga gada. Ba ita za mu hau yanzu ba?"

"Mu za mu hau, ni da kai. Su da ƙafa suke tsallakawa."

"Saboda me?"

Verna ta dubi samarin da ke kan gadar. Fiye da sau ɗari ta tsaya a wurin nan. Ta san cewa Koci Stuhr shi ke fara sauka, ya tsallaka shi kaɗai, ya tsaya a can ƙarshe hannuwa a aljihu, sannan yara su biyo. Ta san ba a magana, ba a gudu. Ta san sai na ƙarshe ya sauka daga gadar take tayar da mota. Amma me ya sa?

"Haka ake yi," ta ce, ita kanta tana jin amsar ba ta da gishiri.

Tillery ya duba agogo. Da suka sake kama hanya ya rubuta wani abu a gefen takardarsa. A ranar an lallasa su, ba su tashi da komai ba sai maki shida.

Ranar Litinin da hantsi ya same ta a garejin makaranta tana share ɓawon gyaɗa daga ƙarƙashin kujeru.

"Misis Hruska, minti goma sha huɗu muka ɓata a gadar nan. Na tambayi yaran. Uku sun ce sa'a ce. Ɗaya ya ce babansa ya yi, kakansa ya yi. Ɗaya kuma ya ce ya ɗauka dokar gwamnati ce."

Verna ta dogara da tsintsiya. "Ka soke ta ke nan?"

"Ban zo garin nan in rushe komai ba. Na bar musu ƙararrawarsu, na bar cin abincin Alhamis a coci, har waƙar nan da ba wanda ya san ma'anar rabin baitocinta na bari. Amma yara ashirin da shida a bakin titi, ga manyan motocin masara za su fara zirga-zirga? Idan da dalili, a gaya mini in sani. Wasanmu na gaba a waje sai nan da sati biyu. In ban ji komai ba kafin nan, wucewa za mu yi."

"Ni ka ɗora wa?"

"Ke ce kika taka birki."

Ba haushinsa ta ji ba. Abin da ya dame ta, tambayar ce ta maƙale mata a rai. Tana wanke kwanoni tana juya ta, tana jiran yara a bakin gona tana juya ta. Mace mai shekara sittin da uku, haifaffiyar garin, a ce baƙo ya tambaye ta abin da ƙafarta ke yi ta kasa faɗa!

Washegari, tana gama zagayen safe, ta shiga gidan abincin da ke tsakiyar gari, inda tsofaffin manoma ke kewaye teburi ɗaya da kofi har rana ta ɗaga. Labari ya riga ta isa.

"Ga direban ɗan birni!" in ji Orval Pospisil, wanda ya buga ƙwallo a makarantar shekara hamsin da suka wuce, kuma bai taɓa bari an manta ba. "An ce zai hana sauka a gada. Gobe kuma sai ya ce a daina sa hula."

"Ka gaya mini dalilin saukar, in kai masa," in ji Verna, ta ja kujera.

"Dalili? Wa bai sani ba? Yaron nan da ruwa ya ci. Don girmama shi ake yi."

"Wane yaro?"

"Wani ɗan gidan... kai, Lyle, kai ka san sunan."

Lyle Brandt, abokin zamansa kuma abokin gardamarsa, ya ajiye kofi. "Ruwa ya ci wa? Rafin da ko agwagwa sai ta durƙusa kafin ta jiƙa ciki? Mota ce ta mutu a bakin gadar, a shekarar saba'in da ɗaya. Muka sauka muka tura ta, muka je muka ci wasa. Daga nan aka ɗauka."

"Ƙarya kake! A sittin da tara ma mun sauka, kana aji ɗaya, kana kuka saboda sanyi."

"Ni na yi kuka?"

"Har da majina."

Verna ta bar su suka ɗan tafasa, sannan ta ce, "Yanzu ku duka shekara huɗu-huɗu kuka yi kuna tsallaka gadar nan da hula a hannu, ba wanda ya taɓa tambaya?"

Orval ya dube ta kamar ta yi saɓo. "A zamaninmu ba a tambayar koci."

Kwana uku a jere, tsakanin zagayen safe da na yamma, Verna tana ɗakin karatu na gari, tabarau a kan hanci, tana buɗe tsofaffin jaridun gunduma da aka ɗinke shekara-shekara. Ta ga hoton bikin iyayenta, ta ga farashin shanu, ta ga kanta tana 'yar shekara tara riƙe da zomon da ya ci gasa. Yaron da ruwa ya ci dai ba ta gan shi ba. A rana ta uku, a ƙasan wani shafi na shekarar sittin da huɗu, kusa da tallan taki, ta ci karo da 'yar sanarwa mai layi shida. Makaranta ta sayi babbar mota. Gadar katako ba za ta ɗauki nauyinta a cike ba. Saboda haka, kafin a yi gyara, fasinjoji su riƙa sauka su tsallaka da ƙafa.

Ta karanta sau biyu, ta yi dariya ita kaɗai har mai kula da littattafai ta leƙo.

Ashe shi ke nan. Ba matacce, ba sa'a, katako ne ya tsufa. Kuma gadar katakon ma an rushe ta tun a tamanin da shida. Verna ta tuna ranar da aka buɗe ta kankare, tana da cikin ɗanta Curtis, aka raba lemo kyauta. Dalili ya mutu shekara talatin da uku ke nan, an bar yara suna ta taka ƙafa.

Tana fita daga ɗakin karatun da nufin zuwa wurin Tillery, sai ta tsaya a kan matakala. Delbert Stuhr ba mutumin da ke zubar da minti ɗaya ba ne. Mutumin da ke riƙe agogo a ƙofar banɗaki idan yara na wanka, mutumin da ya taɓa barin ɗan shugaban makaranta a gari don ya makara da minti biyu. Kuma yana nan aka gina sabuwar gada. Ta yaya irin wannan zai yarda da ɓata kwata ɗin awa sama da shekara talatin a kan katakon da babu shi?

Ranar Asabar da safe ta gasa kek, ta kama hanyar gonar 'yar Stuhr, inda tsohon yake zaune tun da aka yi masa aikin ƙugu. Ta same shi a baranda, sandarsa a jingine, yana rarraba tsofaffin kusoshi cikin gwangwanaye.

"Verna Hruska da kek a hannu," ya ce, bai ɗago ba. "Ko dai mutuwa zan yi ba a gaya mini ba?"

"Tambaya na zo yi, Koci."

"Gadar ce. An riga an buga mini waya sau huɗu."

Ta zauna, ta gaya masa abin da ta gani a jarida. Ya gyaɗa kai.

"Haka ne. Na zo na tarar ana yi. Da aka buɗe sabuwar gada, a wasan farko na ce wa direban lokacin ya wuce, kada ya tsaya. Muka wuce. Aka ci mu da maki ɗaya tak."

"Kai ka taɓa sokewa?"

"Na soke mana. Ranar Lahadi ba wanda ya zauna kusa da mu a coci. Matata ta je sayen nama, mahauci ya ce ya ƙare, alhali ga shi nan a rataye. Wani ya zuba mini buhun takin kaji a ƙofar gida. Har yau ina zargin Orval."

Verna ta toshe baki da hannu.

"To sai na mayar da ita," ya ci gaba. "Ba don na yarda ba, don na ji tsoro. Ina tsallakawa da wuri ne saboda haushi, in je can in tsaya ina cika ina batsewa. To mutum in yana tsaye ba abin yi, ai sai ya yi kallo. Shekara biyu ina kallo kafin in gane abin da nake gani."

"Me kake gani?"

"Ƙafafu. Ki tambayi yaro ɗan shekara sha bakwai ranar wasa, 'Akwai inda ke maka ciwo?' Zai ce babu, ko da ƙashi na leƙowa. A filin atisaye ya san ana kallonsa, sai ya daure. Amma a kan gada, ga kankare, ga tafiya a hankali, ba ya tunanin kowa na lura. Ya ɗauka addu'a nake yi. Sai ki ga wannan yana tausaya wa diddige, wancan ya mayar da hula hannun hagu saboda kafaɗa. Wani ma ba ciwo ba ne, tafiyar wanda bai ci abinci a gida ba daban take." Ya jefa kusa a gwangwani. "Kamar ɗanki."



Shekara goma sha shida ke nan. Wasan ƙarshe na Curtis, a ajin ƙarshe, ranar da wani mai neman 'yan wasa daga wata ƙaramar kwaleji ya zo musamman don ya gan shi. Stuhr ya ajiye shi a benci daga farko har ƙarshe, bai ba da dalili ba. Curtis ya ce, "Koci ya ga dama," ya shige ɗaki. Shekara biyu Verna ta yi tana tuƙa mutumin nan ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Daga baya ta huce, amma ba ta taɓa mantawa ba.

"Me ya samu ɗana?"

"Idon sawun dama. Na gan shi tun daga tsakiyar gada. Da ya iso na dafa kafaɗarsa."

"Na gani. Na ɗauka ƙarfafa shi kake yi."

"Cewa na yi ya cire takalmi idan mun isa. Ƙafar ta kumbura kamar kabewa, ta yi baƙi. Da ya buga ranar, da ban san yadda zai yi tafiya yau ba."

"Kuma ba ka gaya mini ba? Ni uwarsa? Ina zaune a gabanka!"

"Ya roƙe ni. Ya ce in kika ji, za ki tambayi inda ya samo ciwon." Tsohon ya ɗaga kafaɗa. "Nas ɗin makaranta ta ɗaure masa, ta ce targaɗe ne, hutu yake so. Lokacin girbi ne, ke da mijinki ba kwa shigowa gida sai kun gaji liƙis. Ya sa dogon takalmi ya wuce ta gabanku."

"Shekara biyu ina gaba da kai."

"Na lura. Motar ta fi shiru, ban ƙi ba." Ya miƙa hannu. "Yanko mini kek ɗin nan."

Ta yanka masa. Ba ta san ko haushi take ji ko kunya ba. Kafin ta tafi ta tambaye shi abin da za ta faɗa wa sabon koci.

"Ki gaya masa duka, har da takin kajin. Sauran kuma ya rage nasa. Ƙungiyarsa ce."

Ranar Litinin ta gaya wa Tillery duka, ban da maganar Curtis. Ya yi dariya har ya dafa bangon gareji da ta zo kan mahauci. Da ta zo kan ƙafafu kuwa sai ya daina dariya.

"Ina da takardar da kowane yaro ke cikewa a kan ciwo," ya ce.

"Suna rubuta gaskiya?"

Ya sosa ƙeya. "Sati uku ke nan, ba wanda ko kansa ya taɓa ciwo."

Ranar Juma'ar wasan, Tillery ya matso da lokacin tashi da kwata ɗin awa, ya kuma sa aka dasa alamun tsayar da motoci a bakin gadar. Da Verna ta buɗe ƙofa, shi ya fara sauka. Ya tsallaka da sauri irin na mutanen birni, ya tsaya a can ƙarshe, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Samarin suka dubi juna, sannan suka bi layi.

Da suka koma mota ta ce, ƙasa-ƙasa, "To, me ka gani?"

"Samari ashirin da shida suna tafiya. Ɗaya igiyar takalminsa a kwance."

"Shi ma ya ce sai da ya shekara biyu."

"Zan ba ta kaka ɗaya. In ban ga komai ba, mu sake magana." Ya buɗe takardunsa. "Amma ranar da ake ruwa ko ƙanƙara ba mai sauka, ko da za su juye mini takin gunduma duka a ƙofa."

A ranar ma an ci su, amma da ƙyar. A gidan abinci tsofaffi suka ce ɗan birni ya ji tsoron gari ya saduda. Verna ta kai musu hoton sanarwar jaridar, Lyle ya karanta ya ce ai abin da yake faɗa ke nan tun farko. Orval bai ko duba ba. Ya ce ya tuno sunan yaron da ruwa ya ci.

Ranar Lahadi, bayan an tashi daga coci an ci abinci, Verna ta buga wa Curtis waya. Yana can wata jiha yana gyaran injinan noma, da mata da 'ya'ya biyu. Suka gaisa, ta tambayi jikoki, sannan ta ce, "Na je wurin Koci Stuhr. Ya ce in tambaye ka idon sawunka."

Sai ta ji ya fashe da dariya.

"Kai, tsohon nan! Ya yi mini alkawari fa."

"Shekara goma sha shida ya riƙe. Ni kuma ka bar ni ina ɗaure wa bawan Allah fuska a banza. A ina ka samo ciwon?"

"Mama, abin ya wuce."

"Curtis."

"Daga tagar bene na diro."

"Gidanmu ba bene."

"Ban ce gidanmu ba."

Verna ta gyara zama. "Tagar wa?"

"Ba abin da kike zato ba ne. Wasiƙa kawai na hau in ajiye mata. Sai na ji motar babanta ta shigo, ga tsani ya faɗi."

"Na ce tagar wa?"

"Ba zan faɗa ba. Ta yi aure, tana da yara, kuma duk Lahadi kina gaisawa da ita."

"A cocinmu?"

"Mama, ga jikarki na son magana da ke."

"Kada ka haɗa ni da yarinya, ban gama da kai ba! Gidan fari ne ko ja?"

Amma tuni muryar 'yar shekara biyar ta cika wayar, tana ba da labarin haƙorinta da ya fita. Verna tana "iye" da "ashe", rabin hankalinta kuwa ya tafi coci, yana bin benci ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a kan duk macen da ta tashi a gida mai bene. Kafin yarinyar ta gama labari ta samu huɗu, kuma ɗaya daga cikinsu 'yar Orval Pospisil ce.